Taɓin Hankali a Kan Dandamali: Tarken Wasannin Ƙeƙe-da-ƙeƙe Uku na Birtaniya

1.0 Gabatarwa

Tun da daɗewa mahaukaci yake da gurbinsa a wasan kwaikwayo. Wani lokaci akan fito da shi don a ba mutane dariya, wani lokaci don a tsorata su, wani lokaci kuma don a sa masa a baki gaskiyar da masu hankali suke jin nauyin faɗi. A duk hanyoyin nan uku abu ɗaya ne ba ya sauyawa: shi yana can, mu muna nan. Mu ne masu kallo, shi ne abin kallo. Wannan ɗabi'a ba a dandamali kawai ta tsaya ba. A asibitin Bethlem da ke Landan, har zuwa shekarar 1770 jama'a sukan shiga su yi kallon majinyata kamar yadda ake zuwa gidan namun daji. Wanda duk ya taɓa ganin yara sun biyo mai taɓin hankali a bakin kasuwa suna yi masa ature ya san irin wannan kallo.

Wannan takarda za ta yi tarken wasanni uku na Birtaniya waɗanda suka yi ƙoƙarin rushe katangar da ke tsakanin mai kallo da majinyaci. Su ne 4.48 Psychosis na Sarah Kane (2000), da Blue/Orange na Joe Penhall (2000), da The Wonderful World of Dissocia na Anthony Neilson (2004). Ra'ayin da za a kare shi ne, ƙarfin waɗannan wasanni ya fito ne daga zubi da tsarinsu, domin sun cire ciwon daga jikin ɗan wasa sun zuba shi a cikin ginin wasan kansa.

2.0 Mene ne Wasan Ƙeƙe-da-ƙeƙe?

A watan Janairun 1995 aka nuna wasan farko na Sarah Kane, wato Blasted, a ƙaramin ɗakin sama na gidan wasan Royal Court a Landan, ɗakin da kujerunsa ba su kai ɗari ba. Wasan ya fara ne a ɗakin wani otal a birnin Leeds, sai kwatsam bam ya fasa bango, yaƙi irin na Bosniya ya shigo da dukkan ta'asarsa. 'Yan jarida suka yi masa ca, suna cewa ƙazanta ce kawai. Amma manyan marubuta irin su Harold Pinter da Edward Bond da Caryl Churchill suka tsaya mata. Daga nan aka samu ayarin matasan marubuta masu fito da tashin hankali da munanan kalamai a fili, a ƙananan ɗakuna inda mai kallo ba shi da wurin kau da kai. Manazarci Aleks Sierz ya rubuta littafi a kansu a 2001 mai suna In-Yer-Face Theatre, sunan kuwa ya bi su. A nan za mu kira salon nasu da wasan ƙeƙe-da-ƙeƙe, saboda ba ya sakaya zance, ba ya kuma tausaya wa mai kallo.

Irin wannan salo yana da haɗari idan ya taɓa jigon taɓin hankali. Mai neman girgiza jama'a zai iya ɗaukar majinyaci ya mai da shi dodo, ya sa shi ihu da yage tufa, a tashi ana cewa an ga abin mamaki. In haka ta faru, an koma Bethlem ke nan, sai dai an sauya ƙofar shiga. Ma'aunin da za a auna wasannin nan da shi ke nan: a ina suka ajiye mai kallo?

3.0 Kane: Mai Kallo a Cikin Kai

Duk wanda ya buɗe rubutun 4.48 Psychosis zai fara tambayar ko wasa ne ma. Babu jerin taurari, babu sunan mai magana, babu bayanin wuri ko lokaci. Abin da ke akwai shi ne gutsattsarin rubutu guda 24. Wasu tamkar waƙa, wasu jeri ne na kalmomi, wasu kuma zance ne tsakanin muryoyi biyu da ɗan layi kawai ya raba su, ɗaya kamar likita, ɗaya kamar majinyaciya. Sunan wasan yana nufin ƙarfe huɗu da minti 48 na asuba, lokacin da muryar ke cewa hankalinta yakan dawo mata na ɗan lokaci.

Wannan rashin tsari shi ne tsarin. Mai fama da ƙunci mai tsanani yakan kasa rarrabe muryarsa da ta wasu, da tunaninsa da abin da ke faruwa. Da Kane ta cire sunayen taurari, sai ta jefa mai karatu cikin wannan hali: shi ma bai san wa ke magana ba. Alal misali, akwai gwajin da likitocin ƙwaƙwalwa kan yi, su ce mutum ya ƙirga daga ɗari yana cire bakwai-bakwai. Sau biyu ƙirgar ta zo a wasan. A karon farko lambobin a warwatse suke a shafi, lissafin kuma bai yi daidai ba. A karo na biyu sun jeru tsaf daga sama har ƙasa. Ba wanda ya fito ya ce an samu sauƙi ko ba a samu ba. Shafin da kansa ya nuna yadda magani ya daidaita lissafi alhali raɗaɗin yana nan. Haka kuma akwai wurin da aka jera sunayen magunguna da nauyinsu da illolinsu cikin busasshen harshen fayil ɗin asibiti, ana fara wannan a daina, a koma wancan. A nan mutum ya ɓace, saura rahoto.

An fara nuna wasan a watan Yunin 2000, James Macdonald ya ba da umurni, 'yan wasa uku suka raba muryoyin. An rataye babban madubi a karkace a saman dandamali, ta yadda ake ganin 'yan wasan ta fuska biyu lokaci guda. A ƙarshe suka buɗe tagogin ɗakin, haske da hayaniyar titi suka shigo. A 2025 waɗannan 'yan wasa uku suka sake yin sa a ɗakin da suka fara.

Babbar matsalar wasan ita ce inuwar marubuciyarsa. Kane ta yi fama da ciwon ƙunci, ta kuma kashe kanta a watan Fabrairun 1999 tana da shekara 28, kafin a nuna wasan. Saboda haka masu sharhi da dama suka ɗauke shi a matsayin wasiƙar bankwana. Ɗan'uwanta Simon Kane ya ƙi wannan fassara, kuma a ganina yana da gaskiya. Wanda ya ce wasiƙa ce ya ƙwace wa marubuciya gwanintarta, ya mai da aikinta alamar cuta, ya koma kujerar ɗan kallo. Rubutun da aka auna kowace kalma da kowane gurbi a shafinsa aikin mai sana'a ne. Duk da haka dole a faɗi rauninsa. Wasan ya toshe kusan kowace ƙofa. Mutuwa ce kaɗai ta zo da murya mai tabbas. Gaskiya ce ta mutum ɗaya a mafi duhun darensa, amma ba ita ce gaskiyar ciwon duka ba, domin masu wannan ciwo da yawa sukan samu sauƙi idan sun sami kulawa. Mai koyar da wasan ko mai shirya shi yana da nauyin tuna wa jama'a haka.

4.0 Penhall: Mai Kallo a Kujerar Alƙali

Blue/Orange ya bi wata hanya dabam. Zubinsa na gargajiya ne: taurari uku, ɗaki ɗaya, kwana ɗaya. Christopher saurayi ne baƙar fata da aka tsare kwana 28 a wani asibitin Landan bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, gobe za a sallame shi. Yana cewa lemun da ke kan tebur shuɗi ne, kuma Idi Amin ne mahaifinsa. Ƙaramin likita, Bruce, yana so a ci gaba da tsare shi don yana ganin ciwon ya fi yadda aka zata. Babban likita, Robert, yana so a sake shi, yana fakewa da cewa Turawa ne ba su fahimci al'adar baƙar fata ba, alhali ƙarancin gado da littafin da yake son rubutawa su ne a ransa.

Ƙeƙe-da-ƙeƙen wannan wasa a harshe yake. Likitocin biyu suna jan majinyaci kamar ƙashi tsakanin karnuka, kowa yana sa masa magana a baki, har ya kasa sanin wanne tunani ne nasa. Mai kallo yana sauya ɓangare sau da yawa, ya tashi bai yanke hukunci ba. Tambayar da aka bar masa ita ce, wa ke da ikon kiran wani mahaukaci, kuma da wane ma'auni? Ba tambayar banza ba ce, domin alƙaluman hukumar lafiya ta Ingila sun daɗe suna nuna cewa ana tsare baƙar fata a ƙarƙashin wannan doka fiye da farare ninki uku ko sama. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi ya fara fitowa a matsayin Christopher, wasan kuma ya ci kyautar Olivier a 2001.

Rauninsa shi ne, abin da yake zargin likitoci da shi, shi ma ya ɗan aikata. Mafi yawan zance mai daɗi na likitoci ne. Muna ganin Christopher daga waje, ba mu taɓa shiga zuciyarsa ba.

5.0 Neilson: Mai Kallo Tsakanin Duniya Biyu

Neilson ya raba wasansa kashi biyu masu hannun riga. A kashi na farko Lisa Jones ta tafi ƙasar Dissocia neman sa'a ɗaya da ta ɓace mata a tafiyar jirgin sama. Ƙasa ce mai launi da waƙa da barkwanci, da akuya mai magana, amma da mugunta a ɓoye, ga kuma wani sarki mai siffar baƙin kare da kowa ke tsoro. A kashi na biyu sai ga Lisa kwance a farin ɗakin asibiti. Fitowa gajeru ne, magana kaɗan, ma'aikata suna shiga da magani suna fita.

Hikimar a nan take. Mai kallo yakan gaji da kashi na biyu, ya ji yana marmarin komawa Dissocia. Da zarar ya ji haka, ya fahimci abin da dangi kan kasa fahimta, wato dalilin da ke sa majinyaci ya daina shan magani. Ba a yi masa wa'azi ba, an bar jikinsa ya gaya masa, jiki kuwa magayi ne. Ana iya cewa kashin farko ya ƙawata ciwon fiye da kima, amma zuwan 'yar'uwar Lisa da saurayinta a kashi na biyu ya nuna abin da tafiye-tafiyen nata suke ci wa masoyanta.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Kane ta sa mai kallo cikin kan majinyaciya, Penhall ya ɗora shi a kujerar alƙali ya hana shi hujja, Neilson kuma ya sa shi ya ɗanɗani zaƙin ciwon da ɗacin magani. Cikin ukun, na Kane ya fi zurfi ya kuma fi haɗari, na Penhall ya fi kaifi kan siyasar asibiti, na Neilson ya fi adalci ga majinyaci da danginsa. Babu ɗaya da ya dogara da tsumma da ihu.

Darasin ya shafe mu. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai kiran majinyata da sunan mahaukata. Doka ta sauya suna, sauya ido kuwa aikin adabi ne. Ɗalibin da zai sa mai taɓin hankali a wasansa ya kamata ya fara tambayar kansa inda zai zaunar da masu kallo: cikin yaran da ke ature, ko kusa da wanda ake yi wa.