Musayar Baƙaƙe a Cikin Ƙamus na Firuzabadi

Almajirin ilmi a zauren Masanawa, ko wani zaure na ƙasar Kabo da Gwarzo, in ya buɗe Ƙamus na Firuzabadi, wanda ya rasu a shekara ta 817 Hijira, zai tarar da sunan shaho da Larabci a wuri uku: saƙru da sodi, saƙru da sin, da zaƙru da zaira. Wannan shi ne malaman lugga su ke kira ibdali, watau baƙi ya maye gurbin baƙi, ma'ana kuwa ba ta motsa ba. Ibnus Sikkiti, wanda ya rasu a 244, ya yi littafi a kansa. Abuɗ Ɗayyibi na Halab, wanda aka kashe a 351, ya yi wanda ya fi girma.

To, a nan ne Ƙamus ya gaza. Firuzabadi ya so taƙaitawa, sai ya zubar da baitocin shaida, galibi kuma bai faɗi ƙabilar da ke furta kowace siga ba. Mai karatu sai ya zaci Balarabe guda ne ke juya harshensa yadda ya ga dama. Abuɗ Ɗayyibi kuwa ya riga ya yanke cewa ba da gangan a ke musayar ba, harsunan ƙabilu ne dabam dabam. Mai da sin zaira kusa da ƙaf, ga misali, an san shi ga ƙabilar Kalbu. Ibnu Jinni, wanda ya rasu a 392, ya kawo ma'auni: sigar da ta fi yaɗuwa cikin sarrafawa ita ce asali. Da shi ya hukunta cewa jadasu, kabari, ya girmi jadafu, don jam'insa da baƙin ca ya ke zuwa. Amma fa an ruwaito jam'in da fa daga Farra'u, saboda haka ma'aunin ma ba ya rasa tangarɗa.

Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Kalmar Larabci guda ta ba shi haɗari da hatsari, wata ta ba shi siraɗi da siratsi. Lodi ya koma lam a alƙali da alwala da larura, har sunan baƙin kansa ya shaida haka. Ba wanda zai ce mai faɗin hatsari ya yi kure. Abin tambaya shi ne, mutanen ina ke faɗinsa, kuma ta bakin malamai ya shigo ko ta bakin fatake?

Bargery, cikin ƙamusunsa na 1934, ya kan sa alamar Katsina ko Sakkwato a gefen kalma, ko da ya ke ba kullum ba. Wannan 'yar alama ita ce Firuzabadi ya hana almajiransa. Wanda ya ke son ta dole ya koma ga Lisanul Arabi na Ibnu Manzuri, ko Muzhir na Suyuɗi.