Likitan Fim da Ciwon Daji

Na daɗe ina nazarin yadda finafinan Hausa suke kawo ciwon daji cikin labari, kuma abin da na gani bai gamsar da ni ba. Sau da yawa salon ɗaya ne: jaruma ta yanke jiki ta faɗi, a garzaya da ita asibiti, likita ya cire tabarau ya ja mijinta gefe ya ce, "Alhaji, sai dai haƙuri." Ita mai ciwon kuwa ba wanda zai ce mata uffan.

Aibi na farko shi ne, ba kasafai cutar take zuwa haka ba. Takan aiko da alamu tun da sauran lokaci: ƙullutu a mama wanda galibi ba ya zafi, zubar jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, rama ba dalili, jini a fitsari ko a bayan gida. Marubucin da ya tsallake waɗannan ya koya wa mai kallo cewa sai an faɗi ake neman asibiti.

Aibi na biyu shi ne ɓoye wa majinyaciya halin da take ciki. Likita nagari yakan zaunar da ita tare da wanda ta amince da shi, ya ji abin da take tsoro, ya bayyana mata cewa ba kowane ƙullutu ne daji ba, sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Idan aka bar ta cikin duhu, maganar da za ta ji ita ce ta maƙwabta, masu cewa daji ba ya son ƙarfe, sai ta guje wa tiyatar da za ta cece ta.

Masu shirya fim za su ce nishaɗi suke sayarwa. Na yarda, amma sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba a tsakanin matan Najeriya, kuma fim yana shiga ɗakunan da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. Tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV, mai haddasa sankarar bakin mahaifa, amma ban ga wannan a bakin likitan fim ba.

Fim ɗin da nake jira shi ne wanda jaruma za ta taɓa ƙullutu tana wanka, ta danne kunya ta faɗa, a yi mata aiki, ta rayu har ta aurar da 'yarta.