Fiffiken Balsa da na Soso: Gwanintar Masu Ƙera Ƙaramin Jirgi

Duk wanda ya tashi a Bacirawa ya san abin da yara ke yi da karan dawa bayan girbi: a fere bawo, a yanka totuwa, a sossoke, sai ga mota, sai ga jirgi. Masu ƙera ƙaramin jirgin da ake tuƙawa da rimot ma hikimar karan nan suke bi, ciki ba nauyi, ƙarfi duk a bawo.

Hanya biyu ake bi wajen haɗa fiffike. Ta farko katakon balsa ne, wanda yawancinsa daga Ekwado yake fitowa, nauyinsa bai kai rubu'in na maɗaci ba. Har jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, da balsa a gangar jikinsa. Gwani zai yanka haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya da reza, ya jera su a kan sandar da ta ratsa fiffiken, ya manne, ya goge da sanfefa. Sai ya lulluɓa wata leda ta musamman, ya bi ta da dutsen guga har ta ɗame. Ka ɗaga wa rana, kana hango haƙarƙarin reras. Aiki ne na mai haƙuri.

Ta biyu farin soso ne, dangin wanda ke zuwa cikin kwalin firji. Ba wuƙa ake sa masa ba. Siririyar waya ake ɗamewa, batir ya zafafa ta, a ja ta a kan ma'auni biyu da aka kafa a gefe da gefe. In hannu ya yi nawa, waya ta ci rami; in ya yi gaggawa, tsakiyarta ta tsaya a baya, siffa ta karkace. Daga nan a zura sandar ƙarfafawa, a rufe da salatif ko fallen balsa. A kiyayi sufagulu da fetur, narka soso suke yi.

Fiffiken balsa na gwani ya fi sauƙin nauyi, amma in ya faɗo ragargajewa yake yi, ga katakon sai an yi odarsa. Na soso kuwa a liƙe da gam a koma fili, shi ya sa ɗan koyo ke farawa da shi.

Ko da wanne aka yi, sai gwani ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu, wajen sulusin faɗin fiffike daga gaba. In hanci ya ɗan sunkuya, madalla. In wutsiya ta rinjaya, ba zai sake shi ba sai ya matsar da batir gaba.