Jinjina ga masu farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci

A shagunan buga takardu na unguwar Badawa, galibin kwamfutocin tebur na hannu ne, Dell da HP da suka gama bauta a ofisoshin Turai. In har yanzu suna tashi, a gode wa masu gyara na Beirut Road da yaran da suka koya a hannunsu.

Cikin aikinsu, wanda ya fi burge ni shi ne sabunta BIOS, 'yar manhajar da ke tantance kayan cikin na'ura kafin Windows ta buɗe. Misali, babban allon B450 na 2018 ba zai karɓi furosesan Ryzen 5000 na 2020 ba sai an sabunta ta. Da filashi ɗaya gwani zai hutar da mai shago sayen sabon allo.

Sai dai aikin na son natsuwa. Wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, allon na iya daina tashi. Shi ya sa ba sa farawa sai da UPS ko janareta. Ko allon ya daina tashi, ƙwararre zai ɗauko na'urar CH341A, ya maƙala wa guntun BIOS mai ƙafa takwas 'yar matsa, ya sake rubuta manhajar, fanka ta juya.

Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga kuma Windows 11 na neman fasahar tsaro ta TPM 2.0, aiki ya ƙaru. Nagari a cikinsu kan ce, "Alhaji, wannan kam ba za ta ɗauka ba, kada ka ɓata kuɗinka."