Gari ɗaya, kyamara biyu: tsokaci kan fim ɗin Two Towns of Jasper

Ranar 7 ga Yunin 1998, wasu Turawa uku a garin Jasper na jihar Texas ta Amurka suka ɗaure wani baƙar fata, James Byrd, da sarƙa a bayan a-kori-kura, suka yi ta jan sa a kan kwalta har rai ya yi halinsa. Sunansa ne a kan dokar laifukan ƙiyayya da Texas ta yi a 2001, da ta tarayya da Obama ya sa wa hannu a 2009.

Masu sukar irin wannan doka suna da hujja. Suna cewa kisa kisa ne, kuma alƙali abin da hannu ya aikata yake hukuntawa, zuciya sai Allah. Ga shi da tsohuwar doka aka yanke wa biyu daga cikin makasan hukuncin kisa, na ukun ɗaurin rai da rai. To, me za a ƙara wa wanda za a kashe?

Ni ma a nan na tsaya, sai da na kalli wannan fim na 2002. Whitney Dow Bature ne, Marco Williams baƙar fata, sai suka raba aiki: Turawa suka ɗauki Turawan garin, baƙaƙe suka ɗauki baƙaƙe. Da yake kowa a gaban nasa yake, baki ya buɗe. Wasu Turawan, a teburin karin kumallo, sun yi tir da kisan, amma nan da nan hira ta koma kan halin mamacin, kai ka ce shi ake wa shari'a. A ɓangaren baƙaƙe kuwa ba mamaki kake ji a muryoyinsu ba, tsohon tsoro ne da aka farfaɗo. Makasan mutum ɗaya suka kashe, amma saƙon ya shiga gidan kowane baƙi a garin. Wannan ɓarna ta biyu ce dokar kisa ba ta da sunan da za ta kira ta da shi.

Inda fim ɗin ya gaza mini shi ne dabarar tasa ta zame masa tarko. Ya nuna yadda aka cire shingen da ya raba kaburburan Turawa da na baƙaƙe a maƙabartar garin, alhali shi da kansa ya kafa irin shingen tsakanin kyamarorinsa. Na so in ga an zaunar da masu karin kumallon nan gaban 'yan uwan Byrd, mu ji ko za su iya maimaita maganar.