Tarken Fim ɗin Soul to Soul: Baƙin da Aka Tarba da Baƙin da Aka Kora

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da ya saba da nazarin waƙoƙin Shata da Narambaɗa zai iya tambayar abin da ya haɗa shi da fim ɗin makaɗan Amurka masu jita da ganguna. Amsar ita ce, kayan aikin da muke auna waƙar baka da su, wato jigo da salo da zubi da tsari, suna aiki a kan fim kamar yadda suke aiki a kan waƙa, kuma idan aka gwada su a kan abin da ba a saba da shi ba sai kaifinsu ya ƙara fitowa. Wannan takarda za ta yi tarken Soul to Soul, fim ɗin da Denis Sanders ya ba da umarni, aka fitar da shi a 1971. Ba ƙagaggen labari ba ne. Biki ne na gaske aka yi, aka kafa kyamarori aka ɗauka, sannan aka zauna aka tace. Irin wannan fim ya samu karɓuwa ƙwarai bayan fitowar Woodstock na Michael Wadleigh a 1970, har wasu sukan kira namu Woodstock na Afirka, ko da yake kwatancin bai yi masa adalci ba.

2.0 Bikin da Aka Ɗauka

Ranar 6 ga Maris, 1971 Gana ta cika shekara 14 da samun mulkin kai. A wannan rana aka shirya gagarumin wasa a Dandalin Baƙar Tauraruwa da ke Ankara, a bakin teku, dandalin da aka gina zamanin Kwame Nkrumah. Shi Nkrumah ɗin a lokacin yana zaman gudun hijira a Konakiri tun juyin mulkin 1966, Dokta Kofi Busia ne firaminista. Daga Amurka aka kawo Wilson Pickett, da Ike da Tina Turner, da ƙungiyar Santana, da Roberta Flack, da Staple Singers, da Les McCann tare da Eddie Harris, da kuma matasan Voices of East Harlem. An ƙiyasta 'yan kallo sun kai 100,000, aka yi ta kiɗa wajen awa 14, har gari ya waye. Daga cikin wannan duka aka fitar da fim na kimanin awa ɗaya da rabi. To, a nan aikin mai tarke yake: wanda ya rage awa 14 ta koma ɗaya da rabi ya zubar da abu mai yawa, kuma zaɓin da ya yi shi ne maganarsa.

3.0 Matsalar Suna

Kafin a shiga fim ɗin, ya kamata ɗalibin fassara ya ɗan tsaya a kan sunansa. Kalmar farko da ta ƙarshe ɗaya ce, kuma tana ɗauke da ma'ana biyu a Ingilishi: abin da ke cikin mutum wanda ba jiki ba, da kuma wani nau'in kiɗa na baƙaƙen Amurka da ya tsiro daga waƙoƙin coci. Bahaushe yana da rai, da ruhi, da kurwa. Kurwa ba za ta yi ba, domin da an ambace ta sai tunanin mai sauraro ya tafi ga maita. Ruhi ya yi nauyin addini da yawa. Rai ya fi kusa, amma "rai da rai" a Hausa na nufin wani abu daban, kamar a ce an kama mutum ko an binne shi da ransa. A ganina "daga zuciya zuwa zuciya" ya fi isar da nufin, duk da cewa an yi asarar ma'anar kiɗan gaba ɗaya. Wannan asara ce da ba ta da magani, sai dai mai fassara ya san ya yi ta.

4.0 Jigo da Salo

Babban jigon fim ɗin shi ne komawa gida. Tun cikin jirgin sama ake fara warware shi, inda ake ganin mawaƙan cikin zumuɗi da ɗan fargaba, jikokin bayi za su taka ƙasar da aka kwashi kakanninsu. Sai saukar su a filin jirgi, makaɗa da maraya sun cika wuri. Daga nan Sanders ya ɗauki zubin da ya riƙe har ƙarshe: a nuna dandali, a yanke a nuna gari, a sake komowa dandali. Kasuwa, masunta, kiɗan gargajiya, sai kuma jita mai lantarki. Manufar a bayyane take, ana so mai kallo ya ji da kunnensa cewa wannan kiɗa ɗan wancan ne.

Wani lokaci dabarar takan yi yawa, ta zama kamar malamin da ke maimaita darasin da aji ya riga ya gane. Amma inda ta ci, ta ci sosai. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da Staple Singers suke yi: jagora ya ja, 'yan amshi su karɓa, ya sake ja da ɗan sauyi, su sake karɓa ba sauyi. Tsarin da ke tsakanin Shata da yaransa ke nan, har da yadda amshin yake ba jagora damar numfasawa ya shirya ɗan waƙa na gaba. Shi kuwa Pickett, wanda duk ya fi su farin jini a wurin matasan Gana, aikinsa ya haɗa na mawaƙi da na sanƙira. Yana waƙa, yana kururuwa, yana zuga taro, har taron ya kasa zama a inda aka ajiye shi, samari suka riƙa hawa dandali suna rawa tare da shi. A wannan wuri kyamara ta yi abin da ya dace, ta bar mawaƙin ta juya ga fuskokin jama'a. Wanda ya taɓa halartar dandalin da kalangu ya yi zafi, ya ga yadda iyaka tsakanin makaɗi da ɗan kallo take ɓacewa, zai gane wannan sashe ba tare da ya ji kalma ɗaya ta Ingilishi ba.

Santana su ne 'yan kiɗan rok na sosai a cikin tawagar, kuma abin mamaki su ne kiɗansu ya fi kama da na masu masaukin. Carlos Santana haifaffen Meziko ne, ƙungiyarsa cike take da gangunan da suka bi ta Kuba, ga Willie Bobo ya zo ya taya su. A faifansu na farko na 1969 akwai wani kiɗa da suka ɗauko daga Babatunde Olatunji, makaɗin Nijeriya da ya zauna a Amurka. Sanders ya yi musu adalci da ya bar kyamara a kan hannayen masu ganga na tsawon lokaci. Sashen Tina Turner da 'yan rawarta kuwa, malamin da zai nuna fim ɗin a aji ya sani cewa shigarsu da rawarsu ba irin wadda al'adarmu ta saba gani ba ce, ya yi shawara tun da wuri.

Sashen da na fi so a fim ɗin gajere ne. McCann da Harris suna cikin kiɗansu sai ga Amoah Azangeo, mutumin Frafra daga arewacin Gana, da ƙwaryarsa mai kama da cakin da muka sani. Yana kaɗa ta, yana jefa ta, yana cafe ta, jikinsa duka ya zama kayan kiɗa, kuma bai saki kari ko sau ɗaya ba. A nan ne kawai baƙi da ɗan gida suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a matsayin abokan sana'a, har ma ana iya cewa baƙin ne ke bin sa. Da fim ɗin ya yawaita irin wannan, da sunansa ya tabbata.

5.0 Abin da Kyamara Ba Ta Duba Ba

Bai yawaita ba. Idan ɗalibi ya ɗauki takarda ya rubuta waɗanda aka ba bakin magana a fim ɗin, zai tarar galibinsu Amurkawa ne. Su ke faɗin abin da suka ji, su ke fassara abin da suka gani. Mutanen Gana suna kiɗa, suna rawa, suna tafi, suna murmushi, amma da wuya a tsaya a tambayi ɗayansu ra'ayinsa. Afirka a nan uwa ce mai buɗe hannu, kuma uwar ba ta cewa komai.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi ga mai karatu Bahaushe. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, wato wata 15 da 'yan kwanaki kafin wannan biki, gwamnatin Busia ta kafa dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga ƙasar. Ƙiyasi mafi ƙanƙanta ma ya haura mutum 100,000. Yarabawa ne da yawa a cikinsu, akwai Zabarmawa da Mosawa, akwai kuma Hausawan zango, waɗanda wasunsu a can aka haife su, kakanninsu sun zo fataucin goro tun zamanin da Salaga take tashe, tun kafin a san wata ƙasa mai suna Gana. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka cika manyan motoci zuwa iyaka. Ke nan gwamnatin da ta shimfiɗa wa ɗan'uwa na ƙetaren teku tabarma ita ce ta naɗe ta maƙwabci. Nima da Sabon Zango ba su da nisa da dandalin da aka yi wasan, amma fim ɗin bai ɗaga wannan magana ba ko da a kaikaice.

Ba a ce wa Sanders ya yi fim ɗin siyasa ba, kuma mai yiwuwa a ce zargin ya yi tsauri. Sai dai shi ne ya zaɓi jigon gida da 'yan'uwantaka, ya gina komai a kansa, don haka yana da kyau a tambaye shi gidan wa ake nufi. Kada kuma a ɗauka laifin Gana ne kaɗai, domin a 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi wa 'yan Gana irin wannan kora daga Nijeriya. Ɗalibanmu na Gadarif ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Zuriyar mahajjata da muhajiran da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun noma dawa da riɗi a wannan ƙasa fiye da shekara ɗari, amma a 2008 sai da Hausawan garin suka fito zanga-zanga bayan wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin maganar da ke shakkar zamansu 'yan ƙasa, maganar da aka musanta daga baya. A Yulin 2022 ma sun sake fitowa saboda kashe-kashen jihar Bulunayil. Mai irin wannan tarihi idan ya kalli yadda ake rungumar Pickett a filin jirgi, zai yi murna, zai kuma tuna da waɗanda suka bi hanyar Aflawo da kayansu a ka.

6.0 Game da Kwafin da za a Kalla

Fim ɗin ya daɗe ba a samun sa, sai a 2004 aka gyara shi aka fitar a faifan DVD. Amma a wannan fitowa an cire sashen Roberta Flack bisa bukatarta. Asarar ba ƙarama ba ce, domin a fitowar 1971 muryarta ce take rakiyar mai kallo cikin ɗaya daga gidajen tsare bayi na gaɓar teku, tana rera waƙar neman 'yanci a hankali, kuma wannan shi ne wurin da fim ɗin yake sassauta hayaniya ya fuskanci dalilin rabuwar tun farko. Don haka duk wanda zai rubuta jinga a kan wannan fim ya fara da bayyana kwafin da ya kalla, na 1971 ko na 2004, kafin ya ce komai game da zubi da tsarinsa.