Fim ɗin Shaida: Yadda Ake Adana Bakin Yahudawan da Suka Tsira Daga Kisan Ƙare Dangi

Fim ɗin shaida wani reshe ne na fina-finan tarihi, wanda ginshiƙinsa shi ne mutum ya zauna gaban kyamara ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa. Ya samu cikakkiyar siffarsa ne wajen adana labarin kisan ƙare dangin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawan Turai, inda aka hallaka kimanin mutum miliyan shida zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945.

Fina-finan farko ba su dogara da bakin waɗanda suka tsira ba. Hotunan da sojojin ƙawance suka ɗauka sa'ad da suka buɗe sansanonin gwale-gwale su ne jari: tarin gawarwaki, wayoyin shinge da ramukan kabari. Da irin waɗannan Alain Resnais ya gina gajeren fim ɗinsa Nuit et brouillard a tsakiyar shekarun 1950. Fim ɗin ya girgiza masu kallo, amma mutanen da ke cikinsa ba su da suna, ba su da murya. Shari'ar jami'in Nazi Adolf Eichmann da aka yi a birnin Ƙudus a 1961 ce ta juya akalar. Shaidu fiye da ɗari suka tsaya gaban kotu, aka naɗi bayanansu aka watsa a talabijin, duniya ta fara sauraron wanda abin ya shafa kai tsaye.

A 1979, a garin New Haven na Amurka, 'yar jarida Laurel Vlock da likitan ƙwaƙwalwa Dori Laub, wanda shi ma ya tsira yana yaro, suka fara naɗar hirarraki a faifan bidiyo. Aikin ya koma Jami'ar Yale, ya zama ma'ajiyar Fortunoff mai shaidu fiye da 4,000. Ƙa'idarsu ita ce mai tambaya ya rage baki, mai shaida ya ja ragamar labarinsa, ko da zai yi dogon shiru.

Claude Lanzmann ya bi wata hanya dabam a fim ɗinsa Shoah na 1985, mai tsawon sa'a tara da rabi, wanda ya ci shekara goma sha ɗaya ana aikinsa. Bai sa tsohon hoto ko ɗaya ba. Ya mayar da Simon Srebnik, wanda ya tsira daga sansanin kisa na Chelmno a ƙasar Polan, wurin, ya sa shi cikin kwalekwale yana rera waƙar da yake yi wa masu gadi tun yana yaro. Abraham Bomba kuwa, wanda aka tilasta wa aske gashin mata a Treblinka kafin a kashe su da iskar guba, an ɗauke shi ne a wani shagon aski a Isra'ila, almakashi a hannu, yana aski yana ba da labari. Da ya zo kan abokin aikinsa da ya ga matarsa da 'yar'uwarsa sun shigo, murya ta sarƙe masa, ya roƙi a bar maganar. Lanzmann ya ƙi tsayar da kyamara, ya yi ta lallashinsa har ya ci gaba. Masu nazari sun rabu a kan wannan: wasu na ganin ta haka kaɗai gaskiyar za ta fito, wasu na ganin an fama wa dattijo gyambo don amfanin fim.

Aikin ya faɗaɗa a 1994 da Steven Spielberg ya kafa gidauniyar Shoah bayan fim ɗinsa Schindler's List. Cikin kimanin shekara biyar aka naɗi shaidu kusan 52,000 a ƙasashe 56, cikin harsuna 32. Tsarin hirar ɗaya ne: rayuwa kafin yaƙi, lokacin yaƙi da bayansa, sannan a nuna hotunan iyali. Daga wannan aiki aka fitar da The Last Days na 1998, labarin Yahudawan Hangari biyar, wanda ya ci kyautar Oscar. Ana sukar tsarin da cewa yakan kai kowane labari ga ƙarshe mai daɗi, da 'ya'ya da jikoki kewaye da mai shaida.

Babbar muhawarar wannan fanni ita ce amincin tunanin ɗan Adam bayan shekaru masu yawa. Laub ya kawo misalin wata mata da ta ba da labarin boren fursunonin Auschwitz na Oktoban 1944, ta ce ta ga bututun hayaƙi huɗu sun tashi da wuta, alhali masana tarihi sun ce ɗaya ne. Masanan suka yi tsoron irin wannan kuskure zai ba masu musun kisan makami. Laub ya ce matar ba ƙidaya ta zo yi ba, shaida take cewa an yi tirjiya a wurin da ba a zaci tirjiya ba. Shi ya sa ake gwama shaidar baka da takardu, kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa. Akwai kuma iyakar da marubuci Primo Levi, wanda shi ma ya tsira, ya nuna: waɗanda suka ga ƙarshen abin ba su dawo sun ba da labari ba.

Yanzu lokaci ne ke tsananta wa aikin. Ƙididdigar ƙungiyar Claims Conference ta Janairun 2024 ta nuna waɗanda suka tsira saura kimanin mutum 245,000 a raye, yawancinsu yara ne a lokacin yaƙin. Saboda haka gidauniyar Shoah, wadda ke Jami'ar Kudancin Kalifoniya tun 2006, ta ƙirƙiro wata dabara: a 2014 aka ɗauki Pinchas Gutter da kyamarori masu yawa yana amsa tambayoyi fiye da dubu, ta yadda ɗalibi zai yi tambaya kwamfuta ta zaɓo amsar da ta dace daga bakinsa. Hanyoyin hira da adanawa da aka gina a wannan fanni an kuma yi amfani da su wajen naɗar shaidun 'yan Tutsi da suka tsira daga kisan Ruwanda na 1994.